Ambulan Shida da Ban Buɗe Ba

Al-Nasiriya, Riyad

Zuwa ga 'yata Hadiza, Hajiya Ƙarama,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da Ummanki. Ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Houston lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da za ki kama aiki, Ya raba ki da sharrin mutum da sharrin takarda. Kada ki yi dariya. Takarda ma tana da nata sharrin, kuma a kanta zan yi miki magana.

Na san abin da za ki ce da zarar kin zaro wannan wasiƙa daga jakarki kin ji nauyinta: "Ya Abba, ɗawila marra!" To, doguwa ce, sai haƙuri. Kuma da gangan na rubuta ta da Hausa, duk da na san Larabci ya fi zama a bakinki, Hausar kuwa sai kin bi ta da yatsa. Akwai maganar da ba ta fitowa daga cikina sai da harshen uwata. Ki samu wuri ki zauna, ki haɗa shayi, ki karanta har ƙarshe. Kada ki cusa ta a aljihun akwati ki ce sai kin huta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da kika yi ranar Juma'a muna cin abinci. Na ce miki idan watan Maris ya kama, ki nemi Baffa Sule ki karɓi takardun haraji na rabon shagon da na mallaka miki. Kika sunkuyar da kai kika ce, "Abba, ni da kunyar Baffa? In tambaye shi lissafi kamar ban yarda da shi ba?" Ummanki ta yi dariya ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni dai ban yi dariya ba. Wannan kunyar da kike ɗauka ladabi ce, ita ta kusa raba ni da aminina na shekara talatin, kuma ta ci miki wani abu da har yau ba ki sani ba. Ba na so ki shiga jirgi da ita ki sauka da ita.

Kin san labarinmu da Sule sama-sama. Ɗaki ɗaya muka zauna a Bronx, shi yana tuƙa tasi, ni ina karatun gyaran injinan asibiti. Shi mutumin Damagaram ne, ni Bakano, don haka ba a rasa tsiya a ɗakin nan: shi ya ce Bakano ko gaisuwa sai ya nemi canji, ni in ce ɗan Damagaram ko bashin gishiri ya ci sai ya rubuta. Da aka haife ki, Ummanki ba ta da kowa a ƙasar. Matar Sule, Hajiya Dije, ita ta baro gidanta ta zo ta yi mata wankan jego kwana arba'in, ita ta dama kunun kanwa, ita ta fara goya ki. Shi ya sa kika ci sunanta, shi ya sa muke ce miki Hajiya Ƙarama. Kina shekara uku na samu aiki a nan Riyad muka taso, su kuma suka koma jihar Michigan.

Shekara tara da suka wuce Sule ya zo Umra, ya ce yana so ya buɗe shago a wani gari kusa da Detroit, na naman halal da garin kwaki da manja da daddawa da busasshen kifi, amma jarinsa bai kai ba. Na ba shi abin da na tara, aka rubuta mini kashi ɗaya cikin huɗu. Lauyan da ya tsara takardun ya kira ni a waya don ya yi mini bayani. Ina neman wurin ajiye mota a lokacin, rana ta take, wani yana ta danna mini hon a baya. Mutumin nan yana magana, ni ina ta cewa to, to, na gane. Wallahi ban gane komai ba. Washegari na sa hannu na aika.

Ga abin da yake ƙoƙarin faɗa mini, wanda sai bayan shekaru na biya kuɗi aka sake faɗa mini. Kamfanin haɗin gwiwa irin namu ba ya biyan harajin riba da kansa. Ribar tana ratsawa ta cikinsa ne ta sauka a kan masu shi, kowa gwargwadon rabonsa, kowa ya je ya bayyana nasa ya biya da sunansa. Idan shago ya ci ribar dala arba'in, goma tawa ce a idon hukuma, kuma ni ake jira in faɗa. Magana ce ta minti biyu. Don haka, Ƙarama, duk ranar da wani ya kira ki zai bayyana miki takardar da za ki sa wa hannu, ki tsayar da mota, ki kashe ta. Idan ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba, a maimaita. Ba a taɓa cin tarar mutum don ya ce a sake faɗa masa ba.

Da shekara ta zagayo, ambulan na farko ya iso. Kin san Baffanki mutumin takarda ne, bai yarda da aika abu ta waya ba. Sai ya ba wani mai zuwa Umra, shi kuma ya ba wani direban bas ɗan Maraɗi mai zirga-zirga tsakanin Makka da Riyad, shi ya kawo mini har bakin asibiti. Babban ambulan ne ruwan ƙasa, an manne shi da gam an ƙara da salatif, an rubuta a bayansa, "Lissafin shekara, hannun Bakano kaɗai." Na juya shi, na ji kaurinsa, sai na tuna da mahaifina a Kasuwar Kurmi. Ina yaro na sha ganin fatake sun dawo sun ajiye masa ƙullin kuɗi, ya tura ƙarƙashin buzu bai kalla ba, ya ce a kawo musu fura. Yakan ce wanda ya ƙirga kuɗin amininsa a gabansa ya zage shi. Sai na ce a raina, ni ne zan binciki Sule? Na kai ambulan na jefa cikin akwatin ƙarfen nan da ke saman kabad, ina jin kaina wani babban mutum.

Ashe rabin karatun na ɗauka. Sai da abin ya faru na tuna cewa bayan fataken sun tafi, kakanki yakan janyo ƙullin nan ya ƙirga shi kwabo-kwabo, ya rubuta da ajami a littafinsa, kuma idan ya ga an yi masa ƙari bisa kuskure, ya aika a mayar. Fuskar mutum yake karewa, ba idonsa yake rufewa ba. Ni na ɗauki rufe idon na bar ƙirgar.

Wannan duk wauta ce. Wanda ya fi ta muni shi ne abin da nake faɗa a waya. Bayan sati Sule zai kira ya ce, "Bakano, saƙo ya iso?" In ce ya iso, Allah Ya saka da alheri. Ya ce, "Ka duba?" In ce, "Na duba, komai daidai." Ƙarya ce, ba ta da wani suna. Na ɗauka ƙaryar ladabi ce mara cutarwa, irin wadda ake yi wa mai gida cewa an ƙoshi. Haka muka yi shekara shida, ambulan shida, har a shekarun annoba da aka rufe Umra ya riƙa biyan kamfanin aika saƙo don su iso. Kada ki taɓa ce wa mutum kin karanta abin da ba ki karanta ba, ko da layi biyu ne. Ki ce, "Ya iso, ban duba ba tukuna." Ba ki san abin da ya jingina a kan amsarki ba.

Kuskure na gaba kuwa na lissafi ne, kuma abin kunya ne a ce Bakano ya yi shi. Tun farko mun yi da Sule cewa kada a taɓa riba, a bar ta ta kwana a jari har shago ya tsaya da ƙafarsa. Ko sisi bai shigo hannuna ba. Saboda ina riƙe da fasfon Amurka, kowace shekara akwai wani mutum da nake biya ya cika mini takardar harajin tarayya a kan albashina na nan. Yakan turo tambayoyi, a ciki har da, kana da wani abin shiga ban da albashi? In rubuta babu, hankalina kwance. Abin da ban gani ba, ban taɓa ba, ban kashe ba, ta yaya zai zama abin shiga?

Ummanki ce ta fara kama ni, amma ban saurara ba. Duk Ramadan nakan zauna in ƙiyasta rabona na shagon, in ɗora wani abu a kai don kada in gaza, in fitar da zakka. Wata rana ta leƙo ta ga ina rubutu, ta ce, "Malam, ikon Allah. Kuɗin nan idan za a ba Allah naka ne, idan Bature ya tambaya ba naka ba ne?" Na ce mata ta je ta duba miya. Gaskiya ta faɗa. Ribar da aka bari a jari taki ce, an dai ajiye miki ne, kuma a shekarar da aka ci ta ake biya mata haraji, ko kin karɓa ko ba ki karɓa ba. Shi ya sa a sabuwar yarjejeniyar da muka rubuta da sunanki na sa aka ƙara cewa kowace shekara za a cire miki daga ribar abin da zai ishe ki biyan harajinta. Kada ki ji nauyin karɓa ki koma biya daga albashinki.

Ba zan ce ban taɓa jin ɗar ba. Na ji, kuma na kai tambayata inda bai kamata ba. Kin san majalisarmu ta unguwar Dira, shagon turaren nan da muke shan shayi bayan La'asar ranar Asabar. Na ɗan gutsura musu maganar. Wani da yake tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, wanda saboda yana ɗaukar Turawa muke ɗaukarsa lauyan majalisa, ya kaɗa hannu ya ce, "Mafi mushkila, babu matsala, Malam! Kana Riyad, ƙasar da ba a cire haraji a albashi. Ka taɓa kwana a Michigan? To me ya haɗa ka da su? Halas!" Kowa ya ce haka ne. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa ganin takardar harajin wata jiha a Amurka da idonsa, mutanen kirki ne masu son kwantar mini da hankali. Ni kuma na karɓa hannu bibbiyu, don amsar da nake so ke nan.

Ke ma za ki ji irin wannan, ki rubuta ki ajiye. Texas ba ta karɓar harajin jiha a kan abin da mutum ya samu, don haka abokan aikinki za su ce miki takarda ɗaya kawai ake cikawa, ta tarayya. Su gaskiyarsu ne, ba su da shago a wata jiha. Ke kuwa kina Texas, amma kuɗinki yana zaune a Michigan. Kin ga yadda nake da iƙama, takardar izinin zamana a nan: shekara ashirin da ɗaya ban taɓa barin ta wuce ko kwana ɗaya ba, wata guda kafin ta ƙare na fara damun ofishin kafili, mai ɗaukar nauyin zamana. To kuɗi ma yana da iƙamarsa, a inda aka same shi, kuma ni ban taɓa sabunta masa ba. Jihar da shago yake tana da haƙƙi a ribar da aka ci a cikinta, ko mai ribar bai taɓa taka ƙasarta ba. Suna da takarda ta musamman don waɗanda ba mazauna jihar ba. A cikinta ake nuna duk abin da mutum ya samu, a ware wanda ya fito daga jiharsu, su ɗauki nasu a kan wannan kaɗai. Ba za su ci albashinki na Houston ba, kada wannan ya tsorata ki. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya tambayi wanda ya taɓa bin hanyar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara biyu da suka wuce Sule ya sake zuwa Umra, karo na farko tun bayan rasuwar Hajiya Dije, ya biyo ta Riyad ya kwana biyu. Kina wajen koyon aiki a asibiti a ranar, ba ki ga abin da ya faru ba. Mun ci tuwon shinkafa bayan Azahar, muka koma falo. Na lura ya rage tsiya, tun a waya ma na daɗe da lura, amma na ɗora a kan rashin matarsa. Ya buɗe jaka ya miƙo mini ambulan na bakwai, sannan ya ɗora wata farar wasiƙa a kai.

"Wannan daga jiha take," ya ce. "Gidana ta zo da sunanka, tunda adireshina ka ba su."

Na farke ta. Suna cewa takardun kamfani sun nuna ina da rabo kuma na ci riba shekara da shekaru, amma ba su taɓa ganin takardata ba. Na ce, "Wace riba suke magana? Ni ko nawa ce ma ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba? Ba tana cikin takardun da nake aiko maka ba?"

Nan fa na miƙe da ƙafar alfahari na shiga ɗaki, na hau kujera na sauko da akwatin ƙarfe. Na zube masa su shida a kan kafet, kowanne da salatif ɗinsa. Na ce, "Alhaji, duba nan. Ko ɗaya ban buɗe ba. Ni in binciki lissafinka? Allah Ya kiyaye!" Na tsaya ina jira ya rungume ni.

Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana shafa bakin. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Amma ka ce mini ka duba, Bakano. Ka ce komai daidai."

Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa, yana dariya hawaye na zuba cikin gemunsa, yana cewa, "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi." Na ce a raina mutumin nan ya zautu: hukuma tana nemana, shi yana godiya. Ya ware ambulan na uku ya tura ƙarƙashin matashi, ya ce, "Wannan sai na tafi. Sauran kawo wuƙa."

A cikin kowanne akwai fom ɗin da suke kira K-1, wanda yake nuna rabon mutum na riba ko asara a shekarar, da wata takarda ta jiha a bayansa. A saman na farko kuma an maƙala ɗan rubutu da hannun Sule, Hausar Damagaram tsantsa: in kai wannan wa mai cika mini haraji, in gaya masa akwai ta tarayya akwai ta Michigan, kamfani bai biya ko kwabo na haraji a madadina ba, kada in wuce tsakiyar Afrilu. Har ya ja layi biyu a ƙarƙashin Michigan. Duk abin da na je Dira nema yana saman kabad ɗina tun shekarar farko.

Gyaran ya ɗauki wata biyar. Na sami wata mata a can Michigan wadda wannan ne aikinta, ba ta da wasa ko kaɗan. Ta ce mini shekarar da mutum bai cika takarda ba ba ta tsufa, tana nan tana jiransa. Muka cika na jiha shekara bayan shekara, muka koma muka gyara na tarayya inda na rubuta babu. Asalin harajin bai kai yadda na ji tsoro ba, wallahi da na biya a kan kari da ko a jikina. Tara da kuɗin jinkiri su suka yi ciwo. Ta rubuta musu roƙo suka sauke wani abu daga tarar, kuɗin ruwan kuwa suka ce sai an biya. Ki duba fa, ni da na ƙi ajiya mai ruwa duk rayuwata, na ƙi sayen mota da bashin banki, sai ga ni ina biyan ruwa a kan wauta. Kuɗin da na ware don gyaran gidanmu na Kano shi ya tafi. Ban yi jayayya ba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Yau dai alhamdulillahi, babu jihar da take bina ko kwabo, kuma rabon da na ba ki fes yake.

Ga abin da matar nan ta koya mini, na ba ki kyauta abin da na saya da tsada. Idan fom ya zo, ki kai shi wa wanda ya san harajin jihohi, ba mai cika na tarayya kawai ba, ki faɗa masa da bakinki cewa kina zaune a wata jiha shagon yana wata. Ki tambayi Baffa kowace shekara ko kamfani ya biya wani abu a madadinki, ko ya haɗa ki cikin takardar bai ɗaya da akan cika wa masu rabo na waje. Idan an yi haka lissafin ya canza, kada ki biya sau biyu. Ki tambaya ko garin da shagon yake yana da nasa harajin, don wasu garuruwan suna da shi. Idan fom ya makara ana neman ƙarin lokacin cikawa, amma ƙarin lokacin bai shafi biya ba, sai ki ƙiyasta ki tura. Shekarar da aka yi asara ma kada ki ce babu abin faɗa, ki tambaya. Idan wata rana kika koma jihar da take karɓar haraji, ki nuna musu abin da kika biya Michigan, galibi sukan rage miki. Dokokin nan suna canzawa, kuma kowace jiha da halinta, don haka kada ki riƙe maganata kamar aya. Sannan ki ba su adireshinki na gaskiya, ba na Baffa ba.

Saura ambulan na uku. Na yi ta zagaye kafin in iso nan, kin gani.

Na kai Sule filin jirgi na dawo, na ɗaga matashi na farke shi. Fom yana nan kamar sauran. Rubutun hannun ne ya fi tsawo. Ya ce Dije ba ta da lafiya, likitoci sun ce abin ya yi nisa. Ta hana shi faɗa wa kowa, shi ya sa ya sa maganar a nan, inda ni kaɗai zan gani. Ya ce kullum zancenta takwararta, tana so ta ga yadda kika girma. Idan da hali in turo ki hutun nan ki yi mata ko sati biyu. Kada in tayar da maganar a waya, don tana kusa da shi koyaushe. Idan na amince, in turo ki kawai.

Ƙarama, shekarar da kika gama sakandare ce. Kin tuna hutun nan da kika yi wata uku a kwance a falo kina ce mini kin gaji da zama? Fasfonki yana cikin akwatin ƙarfen, a ƙarƙashin ambulan ɗin. Kuɗin jirgi ina da shi. Sule ya kira ya ce na duba, na ce na duba, komai daidai. Ya gyara miki ɗaki. Ya jira har aka koma makaranta. Kafin shekara ta zagayo aka kira mu aka ce Hajiya ta rasu, kika yi kwana biyu kina kuka kina cewa me ya sa ba wanda ya gaya mana ba ta da lafiya. An gaya mana. Ni ne ban buɗe ba.

Sai a lokacin na gane abin da na gani a sauran. A na huɗu rubutunsa layi biyu ne, a na biyar layi ɗaya, na shida kuwa fom ne kawai. Duk da haka ko kwabo bai taɓa a rabona ba, matar nan mai aikin haraji ta bi lissafinsa kaf ta ce ba ta ga inda ya karkace ba. Da ya sauka gida na kira shi. Shi ya fara magana. Ya ce, "Shekara huɗu ina gaishe ka da baki, zuciyata tana ƙin ka. Na ɗauka ka karanta ka share. Ashe wauta ce kawai, Bakano. Wauta kuwa ana yafe ta." Abin da yake yi wa godiya ke nan a falonmu.

Ya yafe mini, kuma yanzu mun fi da. Duk Lahadi sai mun yi awa guda a waya yana zagin Kanawa. Ni kuma ko takardar tallan kanti aka saƙalo a ƙofa sai na karanta ta har ƙasa, Ummanki tana ce mini tuban muzuru, ina ce mata ta jira ta gani. Hankalina kwance yake, ina da lafiya, na ga kin zama mutum, babu abin da zan ce wa Allah sai godiya. Abu ɗaya ya rage mini, shi ne ke. Sule ya ce ba zai faɗa miki ba, maganata ce. Ni kuma na yi shekara biyu ina kallonki ina ɗagawa, kunyar nan dai da nake hana ki ita ta riƙe ni. Ki yafe mini, 'yata. Na hana ki ganin matar da ta fara goya ki, na hana ta ganinki, kuma ba ni da abin da zan biya wannan da shi.

Don haka idan Maris ya zo, kada ki kira a waya. Ki ɗauki hutun kwana uku, ki sayi rigar sanyi mai kauri, ki je da ƙafarki. Hajiya ta bar miki wani abu, Baffa ya ce wannan ba zai ba mai Umra ba, sai hannu da hannu. Idan ya miƙo miki ambulan ruwan ƙasa, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ci abincinsa, sannan ki farke shi a gabansa. Ki bi layi-layi, ki tambaye shi wannan na mene ne, wancan daga ina. Ba zai ji kin zage shi ba. Mutumin nan ya yi shekara shida yana rubutu babu mai karantawa.

Allah Ya tsare mini ke gaba da baya, Ya sa albarka a aikinki da jarinki, Ya ba ki halal mai yalwa, Ya hana ki cin haƙƙin kowa, na mutum ko na hukuma. Allah Ya jiƙan Hajiya Dije, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ki halinta kamar yadda kika ci sunanta. Ki riƙe salla, ki kira Ummanki ko ba ki da labari. Allah Ya sada mu da alheri.

Takardar Baffa tana naɗe a bayan wannan shafi. Taki ce tun shekara shida da suka wuce, ni na tsare ta a hanya. Buɗe ta.

Wassalam,
Abbanki